Tafarnuwa a Kaskon Kaji: Tarihin Wata Tsohuwar Al'ada

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji a ƙasar nan ya san cewa idan hunturu ya kunno kai, hazo ya sauko, iska ta fara tsaga leɓe, to hankalin matan gida ba ya kwanciya a kan akurki, domin lokacin ne annoba take bin unguwa gida-gida, a wayi gari a ga kaza ta sauke fukafukai tana gyangyaɗi, kafin la'asar wuyanta ya murɗe, kafin kwana uku a share akurkin babu ko ɗan tsako. Na sha ganin kakata, Allah ya jiƙanta da rahama, a irin waɗannan ranaku tana zaune gaban turmi tun da sassafe, ta ɓare tafarnuwa, ta haɗa da barkono, wani lokaci har da ɓawon maɗaci, ta daka, ta juye cikin kaskon ruwan kaji, sa'an nan ta yi bisimilla ta buɗe musu. Ba ta taɓa jin sunan wani abu wai shi kolestarol ba, muradinta kawai kazarta ta rayu, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe. Bayan shekaru masu yawa na tarar da malaman jami'o'i a Indiya da Amurka da Bangaladash da Turkiyya suna auna garin tafarnuwa a mizani suna zubawa cikin abincin kaji, suna fasa ƙwai suna gwada gwaiduwa, sai na fahimci cewa al'adar tsohuwar nan ta shiga duniya, amma an sauya mata niyya a hanya. Yadda aka yi wannan sauyi, da abin da ya haifar, shi nake son in bi sawunsa.

Ita dai tafarnuwa asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya take, daga can fatake suka yaɗa ta gabas da yamma tun kafin a fara rubuta tarihi. Mutanen Masar na dauri sun riƙe ta abinci kuma magani: an same ta cikin kabarin Fir'auna Tutankamun da aka buɗe a 1922, ta kuma zo cikin haɗe-haɗen magani na wani daftarin likitanci da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. Hirodotas, marubucin tarihi na Yunanawa, ya ba da labarin cewa tafintansa ya karanta masa wani rubutu a jikin babbar dalar Masar, wanda ya ƙididdige azurfa talanti 1,600 da aka kashe wajen sayen albasa da tafarnuwa da makamantansu domin leburori. Duk almajirin da ya zauna tafsiri kuwa ya san aya ta 61 ta Suratul Baƙara, inda Banu Isra'ila suka ƙosa da abinci iri ɗaya suka roƙi tsirran ƙasa, da saɓanin mufassirai a kan kalmar fum, waɗansu suka ce alkama ce, waɗansu suka ce tafarnuwa ce, masu wannan ra'ayi na biyu suna kafa hujja da ƙira'ar Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da nake son mai karatu ya riƙe, domin za mu koma kanta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana wanda ya ci tafarnuwa kusantar masallaci saboda kada ya cutar da masallata da mala'iku, alhali bai haramta ta ba, kamar yadda ya bayyana wa Abu Ayyuba Al'ansari sa'ad da ya mayar masa da abincin da aka sa ta a ciki. Sayyidina Umar ya hori wanda lalle sai ya ci da ya kashe ƙarfinta da dahuwa, shi ya sa Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ƙayyade hukuncin ga ɗanya. Wato malamanmu sun rarrabe tsakanin ɗanyar tafarnuwa da dafaffiya, sun gane cewa wuta tana raba ta da wani abu. Malaman ɗibbu kuwa, irin su Ibnu Sina da Ibnul Ƙayyim, sun sa ta cikin abubuwa masu zafi da bushewa, masu korar sanyi da majina.

Amma batun ba kaji tafarnuwa, mafi bayyanar shaidar da ta iso mana a rubuce daga Rumawa take. A ƙarni na farko na Miladiyya an yi wani manomi mai ilmi ana ce masa Kolumela, haifaffen birnin Kadis a ƙasar da daga baya Larabawa suka kira Andalus, wanda ya wallafa littafin aikin gona juzu'i goma sha biyu, ya keɓe na takwas ga tsuntsayen gida da kifi. Wanda ya san kiwo idan ya karanta wannan juzu'i sai ya ji kamar da maƙwabcinsa yake hira, domin mutumin ya yi maganar tsabtar kaskon ruwa, da zuba toka ko ƙura inda kaji za su yi birgima su kakkaɓe ƙwari, da yawan ƙwan da ya kamata a sa wa mai kwanci gwargwadon watan da ake ciki. Da ya zo kan wata cuta mai kama da mura, wadda take toshe wa kaza hanci da maƙogwaro, sai ya ambaci cewa masu kiwo sukan jiƙa gutsuren tafarnuwa da mai mai ɗumi su tura mata a maƙoshi. Filini, wani marubucin Rumawa wanda ya rasu a shekara ta 79 sa'ad da dutsen Besubiyas ya yi aman wuta, shi ma ya rubuta cewa gauraya tafarnuwa cikin hatsin kaji tana tsare su daga wannan cuta. Kolumela ya ƙara da wata al'ada ta mutanen zamaninsa, cewa da yawansu sukan sa kawunan tafarnuwa da ƙusoshin ƙarfe a ƙarƙashin ciyawar gurbi, bisa imanin cewa hakan yana hana tsawa lalata ƙwai. Ga tajriba ga camfi a shafi guda, kamar yadda galibin ilmin mutanen da yake. Ƙusoshin sun faɗi a hanya, tafarnuwar kuwa ta ci gaba da tafiya har ta iso kaskon kakata, ko da yake ba na da'awar cewa daga Rum muka koya, domin mai kaza da mai tafarnuwa duk inda suka haɗu ba sa bukatar malami kafin su yi wannan tunani.

A ƙasarmu noman tafarnuwa aikin rani ne, mai son sanyin hunturu. Ana dasa ƙwayoyinta a fadamun gulbin Rima wajen Wurno da Goronyo, da lambunan ƙasar Kano, da kwaruruwan Abzin, a cire ta bayan wata huɗu ko kusa da haka, a shanya, a ɗaure dami-dami a kai kasuwa, ta shiga yaji da miya da maganin mura. Ƙwai kuwa matsayinsa a wurinmu ya sha bamban da na ƙasashen da za mu ambata nan gaba. Kazar gida takan yi ƙwai goma ko goma sha biyar ta kwanta a kansu, sau uku ko makamancin haka a shekara, mai ita kuwa ba ta ganinsu a matsayin abinci, jari take gani, domin da kaza ake sayen akuya, da akuya ake sayen karsana. Ƙwan da aka saba ci shi ne na zabi, da damina. Har akwai gidajen da ake hana yaro cin ƙwai wai kada ya koyi sata, wanda a ganina dabara ce ta tsare jarin uwa da aka lulluɓe da sunan tarbiyya, ta kuwa tauye wa yara da yawa abin da jikinsu yake matuƙar bukata.

Sirrin tafarnuwa bai fara warwaruwa ba sai a ƙarni na goma sha tara, sa'ad da wani masani, Theodor Wertheim, ya tatsi manta da tururi a 1844, ya ga mai ne mai ɗauke da farar wuta. Shekara ɗari cif bayan haka, a 1944, Cavallito da Bailey a Amurka suka ware sinadarin da yake ba ta wari da yaji, mai kashe ƙwayoyin cuta a kwanon gwaji, wanda aka raɗa wa suna alisin. Ba a jima ba Stoll da Seebeck a birnin Basel na Suwizalan suka gano abin da ya fi wannan ban mamaki, wato cewa alisin ba ya cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba. Abin da yake ciki abu biyu ne da aka ajiye kowanne a ɗakinsa, ɗaya ana ce masa aliyin, ɗayan kuwa wani sinadari ne mai aiki kamar mabuɗi, ba sa haɗuwa sai an daka ko an tauna ko an yanka, sa'an nan cikin ƙiftawar ido alisin ya samu. Shi wannan mabuɗi zafin wuta yana kashe shi, shi kuma alisin ba ya daɗewa yake rikiɗa zuwa waɗansu sinadarai. Ashe rarrabewar da fuƙaha'u suka yi da hanci tsakanin ɗanya da dafaffiya ita ce masana suka tabbatar da kwalba, ashe kuma dakan da tsohuwa take yi a turmi kafin ta zuba a ruwa shi ne ainihin abin da yake tayar da maganin.

To, sai mu bar tafarnuwa a nan mu ɗauko ɗaya zaren. Kolestarol wani abu ne mai kama da kakin zuma wanda aka fara samu cikin tsakuwar matsarmama, Chevreul Bafaranshe ya ba shi suna a farkon ƙarni na goma sha tara daga kalmomin Yunananci biyu masu ma'anar matsarmama da daskarewa. Ba dafi ba ne a zatinsa, hasali ma babu ƙwayar halitta ɗaya a jikin mutum ko dabba da za ta tsaya ba tare da shi ba, daga gare shi ake gina ruwan matsarmama da sinadaran balaga da haihuwa, kuma mafi yawansa jiki ne yake ƙera abinsa, hanta ce babbar maƙerarsa. Amma a 1908 wani likitan Rasha, Ignatowski, ya ciyar da zomaye nama da madara da ƙwai ya ga jijiyoyin jininsu sun lalace, a 1913 kuma Anichkov, a makarantar likitancin soja ta birnin Santa Fitasbag, ya ba zomaye kolestarol zalla ya ga ya taru a bangon jijiya kamar yadda ake gani a gawar mai ciwon zuciya. Masu suka sun ce zomo maciyin ciyawa ne, ba a yin ƙiyasinsa da ɗan Adam, sukar kuwa tana da ƙamshin gaskiya, amma daga ranar nan tuhuma ta hau kan gwaiduwa.

Tuhumar ba ta zama hukunci ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ciwon zuciya ya yi ta ɗauke magidanta a Amurka cikin ƙarfinsu. An buɗe dogon bincike na garin Framingham a 1948, shugaban ƙasa Eisenhower ya faɗi da ciwon zuciya a 1955, hankalin jama'a ya tashi, har a 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta ƙasar ta ba da shawarar kada mutum ya wuce miligiram 300 na kolestarol a yini, kada kuma ya ci gwaiduwa fiye da uku a mako. Ƙwai babba guda yana ɗauke da abin da ya kusa miligiram 200, dukkansa cikin gwaiduwa, farin ba shi da ko ɗigo, saboda haka ƙwai biyu na karin kumallo sun riga sun ƙetare haddi. A watan Maris na 1984 mujallar Time ta fito da hoton faranti a bangonta, an jera soyayyen ƙwai biyu da yankin nama suka ba da surar fuska mai baƙin ciki. Ba'amurken da yake cin ƙwai wajen 400 a shekara ta 1945, kafin farkon shekarun 1990 ya sauko zuwa kimanin 230, ko da yake sauyin zaman gida da gaggawar fita aiki su ma suna da nasu kaso a wannan raguwa.

Masu gidajen gona da suka ga kasuwa tana zamewa daga hannunsu sai suka koma ga jami'o'i da tambaya ɗaya: shin za a iya samun kazar da za ta yi ƙwai maras kolestarol, ko mai ƙarancinsa? Aka fara da zaɓen iri, ana haɗa masu ƙarancin da masu ƙarancin zuriya bayan zuriya, ragin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Dalilin kuwa yana cikin halittar kazar. Gwaiduwa ba a mahaifa ake ƙera kayanta ba, hanta ce take haɗa kitse da furotin da kolestarol ta ɗaure su ƙulli-ƙulli ta aika ta cikin jini, ƙwayayen da suke girma su yi ta zuƙa kwana da kwanaki har ɗaya ta cika ta gangara, a lulluɓe ta da fari da ɓawo cikin kimanin sa'a 25. Abincin kaza galibinsa hatsi ne da dusa da waken suya, babu kolestarol a ciki, ke nan wanda yake cikin ƙwai ita ta ƙera shi da kanta, ta kuma ƙera shi ne da manufa, domin shi ne guzurin ɗan tsakon da zai yi kwana 21 a kulle cikin ɓawo yana gina ƙwaƙwalwa da jijiya ba tare da wani ya miƙa masa komai daga waje ba.

A nan akwai wani labari da bai kamata a tsallake ba, saboda kaza tana da alhaki a wuyan duk mai shan maganin kolestarol yau. Akira Endo, masani a kamfanin Sankyo na birnin Tokyo, ya bincika irin funfuna wajen 6,000 yana neman abin da zai toshe mabuɗin da hanta take ƙera kolestarol da shi, har a 1973 ya samu. Da aka gwada a ɓeraye sai bai yi komai ba, aikin ya kusa mutuwa. A 1976 wani abokin aikinsa ya ba shi waɗansu kaji masu ƙwai da aka gama wani gwaji da su, shi kuwa ya yi tunanin cewa hantar da take ƙera kolestarol kullum domin ƙwai ita ce za ta fi nuna tasiri, haka kuwa aka yi, cikin wata guda kolestarol ɗin jininsu ya ragu da kusan rabi. Daga wannan akurki aka kama hanyar da ta kai ga magungunan da ake kira sitatin, waɗanda aka fara sayar da na farkonsu a Amurka a 1987.

Tafarnuwa ta shigo wannan fage ne ta ƙofar Indiya, inda likitoci a shekarun 1970 suka riƙa ba da rahoton cewa tana rage kitsen jinin mutum, masana kiwo na can kuma suka gwada garinta ga kaji a 1979 suka ga ɗan ragi a gwaiduwa. A 1983 Asaf Qureshi da abokan aikinsa a birnin Madison na jihar Wiskonsin suka nuna cewa abubuwan da aka tatsa daga tafarnuwa suna rage aikin wannan mabuɗi na hantar kaza, shi dai wanda maganin Endo yake toshewa, sai fata ta yi ƙarfi cewa an sami sitatin mai tsirowa a fadama. Amma da aka ci gaba da gwaji sai ruwayoyi suka saɓa wa juna, saɓanin da har yau bai gushe ba. A 1991 Reddy da abokansa a Amurka suka sa man tafarnuwa kaɗan cikin abinci, ba su ga canji a jini ko a gwaiduwa ba. Birrenkott na jami'ar Clemson ya ba kaji garinta kashi 3 cikin ɗari na abincinsu har wata takwas, ya ba da rahoto a 2000 cewa kolestarol bai motsa ba, sai dai warin kashin kajin ya yi sauƙi. Bayan shekara biyu, a 2002, Chowdhury da abokin aikinsa na jami'ar aikin gona ta Bangaladash tare da Smith na Kanada suka ɗauki kaji 36 daga iri shida, suka niƙa tafarnuwa suka shanya a rana, suka ba su daga kashi 2 har zuwa kashi 10 cikin ɗari tsawon mako shida, suka tarar duk sa'ad da aka ƙara tafarnuwa kolestarol yana ƙara sauka a jini da gwaiduwa, alhali nauyin ƙwai da cin abincin kajin ba su taɓu ba. A Ankara, a 2006, Yalçın da jama'arsa suka yi amfani da miƙdari kaɗan, rabin kashi ɗaya da kashi ɗaya cikin ɗari, suka ga gwaiduwa ta yi ragi, ƙwai kuma ya ɗan ƙara nauyi.

Wanda ya saba da ilmin hadisi ba zai firgita da irin wannan saɓani ba, zai nemi hanyar jama'i tsakanin ruwayoyin kafin ya jefar da ɗaya. Hanyar kuwa a fili take ga wanda ya riƙe mas'alar ɗanya da dafaffiya: man da aka tatsa da tururi ba shi da alisin, garin da aka busar da zafin inji mabuɗinsa ya raunana ko ya mutu, niƙaƙƙiyar da aka shanya a rana kuma wani abu ne dabam, dukkansu ana kiransu tafarnuwa alhali ba abu ɗaya ba ne. Ƙara da cewa tafarnuwar wata ƙasa ta fi ta wata farar wuta, irin kaji ya bambanta, shekarunsu sun bambanta, kaji 36 na mako shida kuma ba su isa a gina fatawa a kansu ba. Akwai ma alamar cewa gajerun gwaje-gwaje sun fi nuna ragi, abin da yake sa mutum ya yi zaton hanta tana gyara lissafinta idan aka daɗe. Abin da na rinjayar bayan auna waɗannan duka shi ne cewa tafarnuwa tana rage kolestarol ɗin jinin kaza sau da yawa, tana rage na gwaiduwa wani lokaci kuma da ɗan miƙdari, yawan ƙwai kuwa ba ta cika ƙara shi ko rage shi ba matuƙar ba a wuce kima ba. Idan aka wuce kima kuwa akwai tsoron kaza ta rage ci, warin ya bi ƙwai, dangin albasa kuma an san yawansu yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin dabbobi.

Iyakar wannan neman ta bayyana ne a hannun wani masani, Robert Elkin, wanda a 1999 ya ba kaji sitatin mai ƙarfi, ya rage kolestarol ɗin ƙwai da kusan rabi, amma sai ƙwan ya ƙanƙance kuma yawansa ya ragu. Ni ban san wata aya a cikin halittar tsuntsu da ta fi wannan ratsa zuciya ba, cewa kaza idan aka matsa mata ta gwammace ta rage haihuwa da ta sallami ɗanta cikin ɓawo babu guzuri. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙaddara wa kowane abu miƙdarinsa.

Ana cikin wannan sai ƙasar da aka gina tambayar a kanta ta fara zaizayewa. A 2007 jami'ar Stanford ta ba mutum 192 ɗanyar tafarnuwa ko ƙwayoyinta tsawon wata shida, ba a ga ragin mugun kolestarol a jininsu ba. Shaidu kuma suka taru cewa ga galibin mutane kolestarol ɗin da aka ci ba ya ɗaga na jini kamar yadda daskararren kitse yake yi, saboda hanta tana rage nata idan na waje ya shigo, har a farkon 2016 gwamnatin Amurka ta cire haddin miligiram 300 daga shawarwarinta na abinci, ko da yake mai ciwon sukari da wanda ya gaji hauhawar kolestarol har yanzu maganar likitansa ita ce abin bi. A ɗaya gefen kuma Suwidin tun 1986, da Tarayyar Turai daga 1 ga Janairu 2006, sun hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta cikin abincin dabbobi domin saurin girma, saboda ƙwayoyin cutar sun fara gagarar magani, sai masana suka waiwayi tsirrai irin su tafarnuwa da citta da habbatussauda suna neman abin da zai gyara hanjin kaza ya ƙarfafa jikinta. Tambayar ta koma inda Kolumela ya bar ta, wato lafiyar kazar kanta.

Wannan ita ce fuskar da ta shafe mu, domin ɗan ƙauyen da ba ya samun ƙwai ko sau ɗaya a mako ba gwaiduwa ce za ta cutar da shi ba, rashinta ne, kuma nakan ji ciwo idan na ga an ɗauko tsoron masu ƙoshi an dasa shi a gidan da yaro yake fama da tamowa. Sai dai gaskiya ɗaya wajibi ce a faɗe ta ko da za ta taɓa tsohuwar da nake ƙauna: annobar hunturu da take murɗe wuyan kaji, wadda aka fara sani a tsibirin Jawa da garin Niyukasil na Ingila a 1926, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950, ƙwayar bairos ce take kawo ta, tafarnuwa da barkono ba sa warkar da ita. Maganinta rigakafi ne, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa, har da irin da yake jure zafi wanda ake ɗiga wa kazar ƙauye a ido. Wadda ta daka tafarnuwa ta bar rigakafi ta yi asara, wadda ta yi rigakafi ta kuma ƙara da tafarnuwa daidai kima ban ga laifinta ba.

Mai gidan gona kuwa, wanda yake da kaji irin su Shika Brown da cibiyar Shika ta kusa da Zariya ta fitar a 2000, ko waɗansu masu yin ƙwai wajen 300 a shekara, sai ya ɗauki alƙalami kafin ya ɗauki taɓarya. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 115 a yini, kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ya ɗan haura giram guda, ke nan kaji dubu suna bukatar busasshen gari fiye da kilo ɗaya kullum, tun da kuma kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyar tafarnuwa ruwa ne, sai an sayi wajen kilo uku kafin a sami wannan. Idan ya ce zai bi mafi girman miƙdarin da aka gwada a Bangaladash, lissafin ya haura kilo talatin kowace safiya, mai shayin da zai sayi kiret ɗin kuwa girman ƙwai yake dubawa da ƙwarin ɓawo, a kansu yake taya farashi.